Sharhi: Ma'aunin da Ke Raba Lemo da Giya



A Amurka, abin sha yana zama giya a idon hukuma idan barasar da ke cikinsa ta kai rabin kashi 1 cikin 100. Wannan ma'auni ya yi ƙarfi ne da dokar Volstead ta 1919, wadda aka kafa don aiwatar da haramcin giya. An soke haramcin a 1933, amma ma'aunin yana nan daram. Japan ta tsayar da nata a kashi 1. Tarayyar Turai kuwa ba ta tilasta wa kamfani ya rubuta yawan barasa a jikin kwalba sai ta haura kashi 1.2.

To, ga inda gizo ke saƙar. Dokar abinci ta Amurka ta ce ruwan banila na ainihi, wanda ake ɗiga wa kek da askirim, dole ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35. Ƙarfinsa ke nan ya kusa kamo na wuski, amma a kanti yana jere da sukari da fulawa, domin hukuma ta ɗauke shi kayan ƙamshi, ba abin kurɓa ba.

Shi kuwa kombuca, wani shayi mai tsami, bai samu wannan gata ba. A 2010 kantunan Whole Foods suka kwashe shi daga kasuwa, bayan an gano yana ci gaba da tsumuwa a cikin kwalba har ya wuce iyaka. Duk wanda ya taɓa barin kunun zaƙi ya kwana cikin zafi ya san yadda hakan ke faruwa.

A ganina, ba tsarkin abinci waɗannan dokoki ke aunawa ba. Damuwarsu ita ce wa zai biya haraji, wa ke da lasisi, kuma wa za a sayar wa. Saboda haka Musulmin da ke neman halas kada ya tsaya ga abin da kwalba ta ce.

Malaman Malesiya kuwa sun bi ta wata hanya a fatawarsu ta 2011: sun fara duba yadda aka yi abin. Wanda aka sarrafa a matsayin giya haramun ne, komai ƙanƙantar barasarsa. Lemon da ba don maye aka yi shi ba kuwa, sun halatta shi muddin barasarsa ba ta kai kashi 1 ba.