Wasiƙun James Joyce da Masu Buga Littattafai

Ina so mu duba labarin James Joyce, marubuci ɗan ƙasar Ayalan, da wuyar da ya sha kan littafinsa na gajerun labarai, Dubliners.

A 1906 Grant Richards, mai kamfanin buga littattafai a Landan, ya karɓi littafin. Sai mai injin ɗab'i ya ce shi ba zai buga wasu wurare ba, wai akwai ashar da rashin kunya. Ba gwamnati ce ta hana ba, tsoro ne, domin a dokar Ingila ta lokacin in an kai ƙara har mai inji ake kamawa. Joyce ya dinga aika wasiƙu yana jayayya kan kalma ɗaya ɗaya. Ya sassauta a wasu wurare, amma ya ƙi a yanke labaran, ya ce madubi ne ya yi wa mutanen ƙasarsa su ga kansu. Richards ya janye.

Wasu za su ce taurin kai ne. Ni kam ina bayansa, don matsoraci bai cancanci ya zaɓa wa jama'a abin karantawa ba. Inda ya ba ni dariya shi ne 1911, da ya rubuta wa Sarki George V yana tambaya ko wani sashe ya ɓata sunan mahaifinsa. Fada ta ce Sarki ba ya sa baki.

A 1912 wani mai ɗab'i a Dablin ya lalata takardun da aka riga aka buga. A 1914 Richards ɗin nan ya buga littafin, kuma ba wanda ya kai ƙara.