Olisadebe Bai Ci Amanar Kowa Ba



A wannan makon mun ɗauko maganar da ba ta ƙarewa a bakin masu son ƙwallo a makarantar nan, wato maganar ɗan wasan da ya sa rigar wata ƙasa ba tamu ba. Da an ambaci irin wannan mutum sai ka ji an ce maci amana ne, ya sayar da ƙasarsa saboda kuɗi. Yawanci sunan Bukayo Saka ake kira, alhali shi a Landan aka haife shi, a can ya yi makaranta, don haka gardama a kansa ɓata yawun baki ne kawai. Mu mun zaɓi wanda maganarsa ta fi wuya. An haife shi a Najeriya, a nan ya girma, a nan ya koyi ƙwallo, ba shi da uwa ko uba ko kaka Bature, amma ya buga wa ƙasar Polan gasar cin kofin duniya. Sunansa Emmanuel Olisadebe, kuma ra'ayinmu shi ne bai ci amanar kowa ba.

Mun san da yawanmu ba su taɓa jin sunan ba, domin lokacin da yake tashe ba a haifi ko ɗaya daga cikinmu ba. Idan aka ce Polan, Lewandowski kawai muka sani. To, kafin Lewandowski ya fara buga wa Polan, Olisadebe ne ɗan wasan gaban da mutanen ƙasar suke alfahari da shi.

An haife shi a Warri ta jihar Delta a ranar 22 ga Disamba, 1978. Ya buga wa ƙungiyar Jasper United a nan gida, sannan a 1997, yana ɗan shekara 18, ya tafi ƙungiyar Polonia da ke Warso, babban birnin Polan. Ku yi tunani. Mu da ɗan sanyin hunturu yake hana mu fitowa taron safe a kan lokaci, shi ya baro zafin Warri ya faɗa ƙasar da ƙanƙara ke zuba daga sama, ba ya jin harshensu, bai saba da abincinsu ba. A 2000 shi da abokan wasansa suka ci wa Polonia kofin lig na ƙasar, wanda rabon ƙungiyar da shi tun 1946.

A nan ne maganar ta taso. Kocin da ya horar da shi a Polonia, Jerzy Engel, shi aka ba ragamar ƙungiyar ƙasar Polan. Ya san yaron, ya san gudunsa, kuma yana neman mai zura ƙwallo a raga ruwa a jallo. Polan ba ƙaramar ƙasa ba ce a ƙwallo, ta zo ta uku a duniya har sau biyu, a 1974 da 1982, amma tun 1986 ba ta sake samun gurbin shiga gasar ba. Sai aka kai maganar gaban shugaban ƙasa, Aleksander Kwaśniewski, ya sa hannu aka ba Olisadebe takardar zama ɗan ƙasa a watan Yuli na 2000.

Tambayar da muke so masu cewa maci amana su amsa ita ce: amanar wa aka ba shi da ya ci? Bai taɓa buga wa Super Eagles wasa ko ɗaya ba. Kuma ba abin mamaki ba ne, domin a wancan lokacin layin ya yi tsawo. Najeriya ta ci zinare a wasannin Olimfik na 1996. Akwai Nwankwo Kanu, akwai Victor Ikpeba, akwai Tijjani Babangida ɗan Kaduna, ga Julius Aghahowa yana tasowa. Wa zai waiwayi yaron da ke buga wasa a lig ɗin Polan, wanda ba kowa ne ma ya san da shi a nan ba? Shekarun ɗan ƙwallo kuma ba su da yawa. Mutum ɗaya ya ce maka zo ina son ka, ɗaya bai ma san kana raye ba, wanne za ka bi? Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma idan muka faɗi gaskiya, ko a wasan gidaje na makarantar nan, wanda aka ajiye a benci shekara biyu idan wani gida ya ce zai sa shi, ba ya tsayawa shawara.

Ga wani abu kuma daga darasinmu na ilimin zama ɗan ƙasa. An koya mana cewa kundin tsarin mulkin Najeriya ya yarda wanda yake ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ya karɓi takardar wata ƙasa ba tare da ya rasa tasa ba. Ke nan bai taka dokar ƙasarmu ba.

Amanar da muka san an ba shi ita ce ta mutanen Polan, kuma ku dubi yadda ya riƙe ta. Wasansa na farko, da Romaniya a watan Agusta na 2000, ya ci ƙwallo aka tashi kunnen doki 1-1. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka fara wasannin neman gurbin kofin duniya. Polan ta je har gidan Yukren, ƙasar da ke da Andriy Shevchenko, wanda a lokacin masu tsaron baya ke jin tsoronsa a duk Turai. Shevchenko ya ci ɗaya, Olisadebe ya ci biyu, Polan ta yi nasara 3-1. A watan Maris na 2001 ya sake cin biyu a Oslo, suka doke Norwe 3-2. Ranar 1 ga Satumba, 2001, Norwe ta zo Polan ta sha kashi 3-0, yana cikin waɗanda suka ci, kuma a ranar Polan ta samu gurbinta bayan shekara 16 rabonta da gasar. Gaba ɗaya ƙwallo 8 ya ci a wasannin neman gurbin, babu ɗan Polan da ya kamo shi.

A gasar kanta, wadda aka yi a Koriya ta Kudu da Japan a 2002, abin bai yi wa Polan daɗi ba. Koriya ta ci su 2-0, Fotugal ta yi musu 4-0. A wasan ƙarshe da Amurka, minti 3 da farawa Olisadebe ya zura ƙwallo, wadda ita ce ta farko da Polan ta ci a kofin duniya tun 1986, suka tashi 3-1. Najeriya ma ta je wannan gasa. Ajantina ta ci mu 1-0, Suwidin ta ci mu 2-1, muka yi canjaras da Ingila babu ci. Ƙwallo ɗaya tak muka ci a wasa uku, ta Aghahowa. Wato yaron da ba mu nema ba, shi kaɗai ya ci daidai abin da ƙasarmu duka ta ci. Wannan lissafin ya ba mu dariya, ya kuma ba mu haushi. (Wani abin dariyar shi ne tambarin Polan ma mikiya ce, fara, don haka daga mikiya ya koma mikiya.)

Masu cewa daɗi ya bi, su tsaya su ji wannan. Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wa ƙungiyar ƙasar Polan, kuma ba kowa ne ya yi maraba da shi ba. A filayen wasa an yi masa kukan biri. A wani wasan lig a garin Lubin 'yan kallo sun jefe shi da ayaba. Mun san abin da ake nufi da ayabar, ba sai mun fassara ba. Yaro ɗan shekara 20 da 'yan kai, nesa da iyayensa, dubban mutane suna yi masa ihu saboda launin da Allah Ya halicce shi da shi, kuma washegari ya tashi ya tafi atisaye. Wasunmu a nan idan aka tsokane su da sunan ƙauyensu sau ɗaya sai an kai ƙara ofishin malamai. Shi bai tattara kayansa ya gudu ba. Ya ci gaba da cin ƙwallo har mutanen ƙasar suka riƙa kiransa Oli, suna rera sunansa. Ya kuma ba da sunansa da fuskarsa ga masu yaƙi da wariyar launin fata a filayen ƙwallo na Polan. A ganinmu wanda ya haɗiye irin wannan wulaƙanci ya biya kuɗin rigar da ya sa, har da ƙari.

Ba muna cewa duk wanda ya canza ƙasa ya yi daidai ba. Akwai inda abin yake zama ciniki zalla. A 2004 ƙasar Katar ta nemi ta ɗauko wasu 'yan Barazil da ke wasa a Jamus, cikinsu har da Ailton, ta ba su takardar zama 'yan ƙasa alhali ba su taɓa zama a can ba. Hukumar FIFA ta hana, ta kafa doka cewa dole ɗan wasa ya kasance yana da alaƙa ta gaskiya da ƙasar: ko a can aka haife shi, ko aka haifi iyayensa ko kakanninsa, ko ya zauna a can. A 2008 aka mayar da tsawon zaman shekara 5. Muna goyon bayan wannan doka, domin in ba haka ba ƙasa mai man fetur za ta sayi 'yan wasa 11 ta ce ita ce gwanar duniya. Amma Olisadebe ya riga ya yi shekara 3 yana zaune a Warso, yana shan sanyinsu da zaginsu, daga baya kuma ya auri 'yar ƙasar. Ba a jirgi aka sauke shi ranar wasa ba.

Idan akwai wanda za mu ɗan ja wa kunne, hukumomin Polan ne. A lokacin baƙo yakan yi shekara 5 kafin ya samu takardar, shi kuwa aka gaggauta masa saboda ƙafarsa tana da amfani. Baƙon da ke koyarwa ko yake aiki a asibiti fa, shi ya yi ta jira ke nan? Wannan ba adalci ba ne, amma ba Olisadebe ne ya sa hannu ba. Mu ma kada mu cika baki, domin a namu kundin sai baƙo ya yi shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan Najeriya. Kai, a cikinmu ma akwai waɗanda aka haifa a garin nan, suke buga wa makarantar nan ƙwallo, amma ranar da aka ce a kawo takardar ɗan asalin jiha sai a ce su tafi garin kakansu.

Sannan mu dubi namu bencin. Ademola Lookman a Landan aka haife shi, Ingila ce ta raine shi, har ya ci mata kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017. A 2022 ya koma buga wa Najeriya, a 2024 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. William Troost-Ekong a Holan aka haife shi, ya zama kyaftin ɗinmu. Da suka kai mu wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, babu wanda ya kira su maciya amanar Ingila ko Holan, ihu muka yi ta yi a gidajen kallo. Za a ce ai su jininmu ne, kuma haka ne, akwai bambanci. Amma filayen da suka koyi wasa da masu horarwar da suka koya musu ba namu ba ne. Mun ci abin da wasu suka noma mun ce alhamdu lillahi, bai kamata mu yi ta zagi don wani ya ɗauki dami ɗaya da muka bari a gona ba.

Ƙarshen labarinsa bai yi armashi kamar farkonsa ba. A 2001 ya koma Panathinaikos ta Girka, inda ya ci kofin lig da kofin ƙalubale a 2004. Amma ciwon gwiwa ya sa shi a gaba, kuma ɗan wasan da gudu ne jarinsa idan gwiwa ta ƙi, sai a hankali. A 2006 ya je Portsmouth ta Ingila, wasa 2 kawai ya buga. Daga baya ya tafi ƙasar Sin ya buga wa ƙungiyar Henan. Wasansa na ƙarshe a rigar Polan a 2004 ne. Duka-duka ya buga mata wasa 25, ya ci ƙwallo 11. Da Polan ta sake zuwa kofin duniya a Jamus a 2006, yana ɗan shekara 27, babu sunansa a cikin waɗanda aka tafi da su.