Gādon Gyartai: Tsokaci Kan Gyaran Kayan Lantarki a Dutse da Kewayenta

A ƙasar Hausa ta dā, idan ƙwarya ta tsage ba a gaggawar kai ta juji. Uwargida takan adana ta har ranar da gyartai zai ratso unguwa, ya huda gefen tsagar, ya ɗinke ta, ta koma bakin aikinta. Haka nan maƙeri yakan tayar da fartanyar da ta dakushe, baduku kuma ya ɗinke takalmin da ya tsinke. Wato Bahaushe na wancan zamani yana ɗaukar kayan da ya lalace tamkar majinyaci mai jiran magani. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan ɗabi'a ta cancanci a raya ta a kan kayan lantarki, kuma ɗaliban Hausa suna da kaso babba a cikin aikin.

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a shekarar 1991, wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, sa'an nan aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011. Waɗannan sauye-sauye sun cika gidaje da na'urori. Duk wanda ya ci kasuwar Shuwarin zai ga tocila mai caji da rediyo da ƙaramar fanka da fitilar sola suna tafiya ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Bayan 'yan watanni kuma, da yawa daga cikinsu sai a tsince su a juji, domin mai su ya danna sun ƙi kamawa, ya yanke hukunci cewa sun mutu.

Alhali kuwa sau da yawa cutar ƙarama ce. Wani lokaci waya ce siririya ta tsinke a ciki, wani lokaci tsatsa ce ta ci bakin batir, ko kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe ramin caji, ko fis ya ƙone sa'ad da wuta ta zo da ƙarfi. Ƙaramin sukundireba da tsinken sakace da ɗan haƙuri sukan isa a gano irin waɗannan. Wanda ya ƙara da mitar auna wuta da ƙarfen narka dalma kuwa, ya zama likitan kayan gidansu.

Dalili na farko da ya sa gyara ya zama wajibi shi ne tattalin dukiya. Kusan duk waɗannan na'urori daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yuni na 2023, farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Ɗalibin da ya jefar da caja saboda tsinkewar waya guda, haƙiƙa guzurinsa ya jefar.

Dalili na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi lafiya. Yawancin fitilu masu caji suna ɗauke da batir mai dalma, kuma idan aka ƙona wayoyi don a ciro jan ƙarfe, hayaƙin guba ne. Jama'ar Arewa sun ga illar dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake a can ta hanyar haƙar zinariya ta zo. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai rubu'i ba. A ƙauyukan Jigawa kuwa, shara ba ta da nisa da gona, tun da jujin gida shi ne takin da ake kaiwa saura kafin damina.

Mai karatu zai iya cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ya yi gaskiya. Batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi, tsohuwar talabijin kuma tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an zare ta daga bango. Irin waɗannan sai gwani. Wani kuma zai ce ana so a hana masu gyara abinci. Amma wanda ya saba buɗe tocilarsa shi ne ke sanin abin da ya fi ƙarfinsa ya kai wa mai gyara. Mai jefarwa shi ne ba ya zuwa rumfar kowa.

A nan ne nauyi ya hau wuyan masu nazarin Hausa. Takardun bayanin da ke zuwa da na'urori da Turanci suke, ko da Sinanci, manomin Kiyawa kuwa da Hausa yake tunani. Masu gyara na Dutse da na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano sun riga sun ƙirƙiro kalmomin aikinsu, wasu na aro, wasu na gida. Ya kamata ɗalibai su zauna a rumfunansu, su tattara waɗannan kalmomi, su tace su, a fitar da ɗan littafin gyara cikin boko da ajami, a kuma karanta shi a gidajen rediyo. Wannan aiki ya isa kundin digiri, kuma amfaninsa zai fita daga kantar ɗakin karatu ya isa kasuwa.

A Amsterdam, tun 2009 ake shirya zaman gyara inda maƙwabta ke taruwa da kayansu, Faransa kuma tun 2021 ta wajabta a rubuta wa wasu na'urori makin sauƙin gyaransu. Abin da Turawa ke farfaɗowa da dokoki, Bahaushe gādonsa ne tun zamanin ƙwarya. Saura kawai ɗalibi ya ɗauki sukundireba kafin ya nufi juji, ya kuma rubuta abin da ya gano da harshen da mahaifiyarsa za ta fahimta.