Hasken rana a kan rufin gida: wa zai biya kuɗin dare?

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarki bayan takunkumin CEDEAO, ƴan Nijar suka ga illar dogaro da layin maƙwabta. Kafin nan kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa: Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. An maido da ita a Maris 2024, amma darasin bai gushe ba.

Ƙasa ta fara neman mafita daga rana. Tashar Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, tana aiki tun 2018. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta biyo baya a 2023. A cikin birane kuma farantan sola suna ƙaruwa a kan rufin gidaje da shaguna.

Sai dai rana tana faɗuwa daidai lokacin da jama'a ke komawa gida su kunna fitila da fanka da talabijin. Faranti ba ya ajiye wuta. Aikin batir ne. Batirin dalma yana da araha, amma zafin Afrilu da Mayu na gajarta masa kwana. Na litiyom ya fi daɗewa, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin tela ko mai sayar da ƙanƙara.

A nan haɗarin yake. Idan masu hali suka wadata kansu suka rage sayen wuta, kuɗin shigar kamfanin zai ragu, alhali gyaran layuka bai ragu ba. Talaka ne zai saura da tsohon layi da yawan ɗaukewa.

Akwai abin yi. Na'urar ƙirga wuta mai lissafin shiga da fita za ta ba magidanci damar sayar wa kamfanin rarar da ya samu da rana. Babban batir ɗaya a unguwa ko kasuwa zai wadatar da mutane da yawa. Bashi mai sauƙin biya, tare da sa ido kan jabun kaya, zai buɗe wa masu ƙananan sana'o'i ƙofa. Hukumar ARSE mai daidaita fannin makamashi da gwamnati ne ke da alhakin tsara waɗannan ƙa'idoji, kuma gara su fito kafin zafin baɗi.