Sarkin kokowa da ungozomar garinmu

Tun shekarar 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, muke kewaye rediyo muna sauraren kaye. Wanda ya ɗauki takobi yana samun doki da miliyoyin kuɗi, ban da kyautar attajirai. Ba mu yi masa hassada, guminsa ne ya ci.

Amma mu dubi ungozomar garinmu. Tsakar dare ake tashinta, ko ana ruwa. Ita ke gane naƙudar da ta zo da gardama, ta sa a ɗaura amalanke a kai mace asibiti tun jini bai ƙare mata ba. Ladarta sabulu da ƙwaryar hatsi ran suna.

Kokowar takobi sau ɗaya ce a shekara, haihuwa kuwa kullum. Ranar da ungozoma ta gaji ta bari, wa zai tsaya wa matanmu?

Ga shawararmu: in kaka ta yi, kowane gida ya auna mata tiya guda ta hatsi. Attajirai masu kyauta a filin kokowa, su ma su tuna da ita. Wadda ta karɓi ɗan kokowa ranar da ya faɗo duniya ta cancanci rabonta.