TAFIYA ZUWA TAURARI: TSAKANIN INKARI DA RUƊUWA

 Kwanan baya a wata majalisa a nan Kende, bayan sallar isha'i, gardama ta kaure a kan zuwan ɗan Adam wata. Wani dattijo ya rantse cewa ƙaryar Nasara ce, har yana shakkar imanin wanda ya gaskata. Wani saurayi kuma ya ce ai gobe-jibi mutane za su ƙaura zuwa taurari. A ganina dukansu sun kauce, domin wannan mas'ala ce ta hisabi.

Na farko, wata. Nisansa kimanin kilomita 384,000 ne, tafiyar kwana uku a kumbo. Tsakanin 1969 da 1972 Amurkawa 12 suka taka shi, suka dawo da duwatsun da masana na ƙasashe daban-daban suka bincika. Inkarin wannan ba ya ƙara wa kowa imani.

Na biyu, duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas. Har yau mutum bai je ba, sai na'urori. Al-Amal, kumbon Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya tashi a watan Yuli 2020, bai isa ba sai Fabrairu 2021. Duk wanda ya taɓa ƙetare Kwara a kwalekwale ya san mai fito ba ya miƙewa kai tsaye, sai ya yi lissafin jan ruwa. Haka ma kumbo: inda Mirrihu za ta kasance bayan wata bakwai ake nufa, kuma damar tashi ba ta zuwa sai bayan kowane wata 26. Saboda haka zuwa da dawowa zai ci shekara biyu zuwa uku, ga guzurin iska da ruwa da abinci, ga raunin ƙashi saboda rashin nauyi, ga haskoki masu cutar da jiki. Abu ne mai wuya, amma mai yiwuwa.

Na uku, sauran taurari. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, yana iso mana daga rana cikin minti takwas, amma daga tauraro mafi kusa bayan rana sai ya shekara huɗu da ɗoriya. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan nisa. Masana sun kawo shawarar injin nukiliya, ko filafilai marar nauyi da haske zai riƙa turawa, ko ƙaton jirgin da za a hayayyafa a cikinsa har jikokin jikoki su isa. Babu ko ɗaya daga ciki da ya taɓa ɗaukar mutum.

To, ina matsayinmu? A 2003 Nijeriya ta mallaki tauraron ɗan Adam na farko, amma a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. Alhali magabata irin su Al-Battani sun auna tafiyar rana da wata fiye da shekara dubu da ta wuce. Wajibi ne mu bambance ilmin falaki, wanda da shi ake sanin alƙibla da lokutan salla, da duban taurari irin na bokaye. Uban da ya hana ɗansa lissafi don tsoron na biyun, ya hana shi na farkon.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.