Kwana ukku a Budafes: darasin wata gada

 Da yawa daga cikinmu, ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, in tafiya ta kai su Turai, daga otel sai zauren taro, daga zauren taro sai kanti, su komo gida da akwati cike da tsaraba amma babu labari. Ni kuwa da hanya ta bi da ni Budafes, babban birnin ƙasar Hongiri, sai na keɓe kwana ukku don in zagaya shi da ƙafa, tunda gani ya kori ji.

Kogin Danub ya raba birnin biyu: Buda bisa tudu, inda tsohuwar fadar sarakuna take, da Fes a shimfiɗe, inda majalisa da kasuwanni suke. Sai a 1873 aka game su da Obuda suka zama gari guda. Baƙo zai ga gidajen wanka na ruwan zafi da Turkawa suka bari, su da suka riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, da babbar kasuwa mai rufi ta 1897, inda jan barkono ke rataye jeri-jeri.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gadar Sarƙa. Kafin a gina ta, gadar jiragen ruwa ce ake ɗaurawa, a kwance ta in hunturu ya zo. Ana ba da labari cewa a 1820 ƙanƙara ta tsare wani basarake mai suna Seceni kwana da kwanaki a bakin kogi, yana son zuwa jana'izar mahaifinsa. Shi ne ya tashi tsaye har aka buɗe gadar a 1849.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin ƙetarewa. A wancan zamani masu sarauta a Hongiri ba sa biyan haraji, talaka kaɗai ke ɗauke da kayan. Dokar 1836 ta wajabta wa duk mai hawa gadar ya biya, ko ɗan wane ne. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma manya sun yi ƙorafi ƙwarai, don sun gane in bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Sojojin Jamus sun fasa gadar a Janairun 1945, aka sake buɗe ta a 1949, shekara ɗari cif bayan buɗewar farko.

Da maraicen kwana na ukku na tsaya tsakiyarta ina kallon fitilu bisa ruwa, ina tunani: abin jama'a ba ya ɗorewa sai babba da ƙarami sun sa hannu aljihu tare. Wanda ke neman alfarma a bakin shingen karɓar kuɗin hanya, ya tuna da wannan.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.